Tsakuwar da ta gurfanar da ni

Ko tsufa ya kwashe min hankali, ba zan taɓa mantawa ba da tsakuwar gidana ta Tanut. Wani taronmu na malaman lakwal (makarantar boko ke nan, inda ake kiran malami Mushe) ne ya kai ni Damagaram, na ga hanyar lambun otal an zube ta da farin dutse, sai ƙyalli take. Na dawo da rantsuwar sai na yi irinta, daga bakin zaure har gindin dogon yaro (lambun nawa zogale uku ne da lalle ɗaya, kar ku za ta wani abu ne).

Isuhu magini ya ce in ɗauki tsakuwar ƙorama, mai santsi, wadda ruwa ya gama goge mata baki. Fasasshen dutsen da nake so, in ji shi, haƙora gare shi. Na ce masa shi dai bai san zamani ba. Ya dubi takalmina, ya zuba min abin da na zaɓa.

Sati biyu ina taku ƙwas-ƙwas, har gayyato mutane nake su gani.

Sai ga ranar sunan ɗana na fari. Surukina ya iso daga Tarka, makiyayin da tun asali yake ganin ƴarsa ta auri rago mai alli. Ni kuwa na ƙudura yau sai ya ga namiji. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin dogon yaro, daidai ƙarshen hanyar. To, wa ke tunkarar suruki da takalmi? Na tuɓe tun daga zaure.

Taku uku na ji har ƙwaƙwalwa. Na daure, ina tafe kamar kaza a kan garwashi, na isa na durƙusa. Baba kuma ba ya gajeriyar gaisuwa. Ya tambayi gajiya, iyali, ƴan lakwal, damina, ya sake komawa kan gajiya. Ina «lafiya lau», gumi na tsiyaya. Da ya ɗaga hannu zai fara addu'a, gwiwata ta ce ta gaji, na kife a gaban jama'a da wata ƴar ƙara irin ta ɗan akuya.

Ya shafa addu'arsa a natse, ya ɗauki dutse ɗaya ya jujjuya.

«Tashi, Mushe. Ko raƙumina ba na gurfanarwa a nan.»

Kunya ta kashe ni. Washegari Isuhu ya zo da shebur, ya dubi gwiwata, ya hau kwashe dutsen, wannan ya fi min ciwo. Yanzu duk mai sayar da tsakuwa a Tanut ya san ni: ba na tayawa sai na durƙusa a kanta tukuna.