Yadda Ake Samun Sabuwar Waya Daga Padova Ba Ko Sisi

Kai da wayarka ta tsufa har kana jin kunyar ajiye ta a kan tebur in an zauna cikin mutane, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan yadda na jera su, ina tabbatar maka kafin itatuwa su gama fure za ka riƙe sabuwa dal a ledarta, ba ka taɓa aljihunka ba. Ba a littafi na karanta ba. Maƙwabcina Valeriu ya bi su a gaban idona, shinge ne kawai tsakaninmu, kuma wayar tana hannunsa yanzu haka.

Mataki na 1: Je babban birni Kishinau ka duba, kada ka saya

Hau motar safe ka zaga manyan shaguna. Ɗaga kowace waya, juya ta, yamutsa fuska. Za su ce akwai ragi. Za su ce ka biya kaɗan-kaɗan duk wata. Wani zai ja ka bayan kasuwa ya nuna maka gwanjo. Duk tarko ne. Mai neman araha har yanzu yana da niyyar biya, kai kuwa ka wuce nan. Abin da ya kai ka shi ne ka haddace sunan wayar da launinta. Dawo gida da yunwarka, ko burodi kada ka saya, don hannu ya fara sabawa.

Mataki na 2: Tabbatar kana da uwa a Italiya

In ba ka da ita, sai haƙuri, amma a ƙauyenmu irinka ba su cika benci ɗaya ba. Gwaggo ko yayarka ma suna yi, sai dai uwa ta fi, domin ba ta tambayar me aka yi da na bara.

Uwar Valeriu ita ce Profira, ajinmu ɗaya da ita a makaranta. Tana Padova tana jinyar wata tsohuwa: ta ɗaga ta, ta wanke ta, ta ba ta abinci a baki, ta kwana da kunne ɗaya a buɗe. Rufin gidan Valeriu daga gadon bayanta ya fito, haka ƙofar ƙarfen. Rabonta da ɗaukar jikarta Ilinka tun ranar baftisma, yarinyar kuwa yanzu har tsiwa take yi. Bana Profira ta ce ya isa. Gwiwoyi sun ƙi, za ta dawo da Ista, dawowa ta gaba ɗaya. Har ta kama kujera a motar Bade Trifan, direban da ke jigilar mutane da kaya tsakaninmu da can.

Riƙe wannan da kyau: uwar da ta dawo gida ba ta aiko da kwali. Lokaci ba ya jiranka.

Mataki na 3: Kada ka roƙa

Roƙo zubar da girma ne, kai kuwa magidanci ne. Hannunka mai sanda ya wadatar. Ranar Lahadi da yamma, lokacin da take samun hutu ta kira, kada ka sa caji. Zaunar da yarinya gaban waya, ce ta rera wa Kaka waƙar da aka koya mata. In ka auna daidai, wayar za ta mutu a tsakiyar baiti.

Bari a jima, sannan ka kira.

"Valeriu, me ya faru? Ba ta ƙarasa ba!"

"Ba komai, Mama, wannan akwalar ce. Kada ki damu, muna lallaɓawa."

"Ka kai gyara mana."

"Mai gyara ya ce in kai ta maƙabarta. Ki bar zancen, ya gwiwar?"

Tambayar gwiwa tana da muhimmanci, kada ka tsallake ta. Maimaita wannan kowace Lahadi, da waƙa daban-daban.

Mataki na 4: Ƙi, amma ka faɗi launi

Ba za a daɗe ba za ta kawo zancen da kanta. Profira ta kawo shi kafin azumin Ista ya yi nisa.

"Ɗan tsohuwar nan ya ce in na ƙara zama har bayan bazara zai ƙara mini wani abu. Na ce ko in saya maka wayar nan, sai in taho lokacin tsinkar inabi."

"Haba Mama! Ke dai ki dawo, waya me ce ce?"

Faɗi wannan da murya ƙasa-ƙasa, sau ɗaya tak. In ka maimaita tana iya yarda. Yi shiru, ja numfashi, sannan ka ce, "Baƙar ta fi daɗewa ba ta yi datti ba, in ji masu shago."

A nan matarka za ta iya kawo cikas. Rodika, matar Valeriu, ta ajiye muciyar mamaliga, tuwon masararmu, ta dube shi.

"Ba ka da kunya, wallahi. Matar nan da ƙyar take hawa bene."

"Ni na roƙe ta? Kin ji na roƙe ta?"

"Na ji ka ce baƙa."

"To, in ce fara?"

Kada ka ja da ita. Yi mata alkawarin tsohuwar wayar, sannan ka fita duba kaji. Washegari ka kai wa Bade Trifan cukun tumaki da kwalbar ruwan inabin gida ya kai wa Mama. Daga ɗakin ajiyar Maman za ka ɗauko, saboda haka nan ma ba ka kashe komai ba.

Mataki na 5: Tari mota da wuri

Je ka tsaya gaban shagon ƙauye tare da sauran 'ya'yan kirki masu jiran kwali. Bade Trifan zai buɗe bayan mota yana kiran suna. Naka zai fito da taliya da kofi da garin wanki, wayar tana can ƙasa a naɗe cikin ɗankwalinta.

Direbobi suna da baki, shirya masa.

"Ɗan Profira, ga uwarka nan, bana ta yi sauƙin ɗauka. Kujerarta na ba wata mata 'yar garin Orhei."

"Ita ta ga dama, Bade."

"Na sani. Ita ta kawo kwalin da kanta, tana tafiya tana dafa bango. Duk ganin dama ne."

Yi dariya tare da kowa ka rungumi kayanka. Masu cewa zuwa da kai ya fi saƙo ba su taɓa ɓare ledar sabuwar waya ba.

Mataki na 6: Sayi gilashin kariya

Wannan ne kaɗai abin da zai fita daga aljihunka, kuma kada ka yi masa rowa. Valeriu ya yi, saura ƙiris ya yi asara.

Safiyar Ista sun gayyace ni cin abinci. Ya jingina wayar da kwandon burodi a wurin da Profira take zama. Ga ta nan tar a allo, kowane layi na fuskarta ya fito, tana kicin ɗin mutane tana magana a hankali kada tsohuwa ta farka. Istar Italiyawa ba rana ɗaya take da tamu ba, ta riga ta wuce, ranar aiki ce a wurinta. Amma ta rina ƙwai ɗaya da ɓawon albasa, ta riƙe shi a hannu.

Aka zo gwara jajayen ƙwai, kowa da abokinsa, wanda nasa bai fashe ba ya ci. Ilinka ta ƙi kowa, ta ce sai da Kaka.

"Almasihu ya tashi, Kaka!"

"Lallai ya tashi, 'yar lelena. Bugo!"

Yarinya ta ɗaga ƙwai ta kwaɗa wa allon da iyakar ƙarfinta.

"Ke! Gilashin!" Valeriu ya fizge wayar yana goge ta da gefen riga, yana karkata ta wajen taga ko ta tsage. Ilinka ta fasa kuka. Daga cikin tafin hannunsa muka ji ƙas, Profira ta buga nata a bakin tebur.

"Valeriu, mayar da ni gabanta ta gani. Ilinka, dubi, nawa ne ya fashe. Ke kika ci."

Ni dai na ji haushin kowa a ɗakin har da kaina, na ce zan leƙa awaki. Wayar kuwa ko ƙwarzane ba ta yi ba, amma sa'a ce, kada ka dogara da ita.

Sanarwa

Mai wannan rubutu waya ya yi maka alkawari, kuma ya cika. Ba ruwansa da gwiwar kowa, ko bakin direba, ko shirun da matarka za ta yi maka. Ba ya cikin zancen idan inabi ya nuna aka tsinke, aka sake ɗaga tafiya zuwa Kirsimeti saboda Rodika ma ta ga tsohuwar wayar ba ta riƙe caji. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Idan kuma wata rana baƙo ya tambayi 'yarka ina kakarta take zaune, ta nuna aljihun wandonka, kada ka neme ni.