Sanda a Kan Murfi

"…lafiya lau na tashi, in ban da hayaƙinka da ya cika mini ɗaki tun da sassafe," in ji Kaka Velma, tana jan kujerarta zuwa inuwar bishiyar pekan. "Kai fa, ya aikin ƙona mana gida?"

"Da godiya, tsohuwa. Gidan da kika riga shi tsufa, ai ko ya ƙone ba a yi asara ba."

Bakin Royce ne kawai ya amsa, idonsa na kan allurar ma'aunin zafi. Gangar gasa nama ta marigayi kakansa Cleon ce a gabansa, baƙa wuluk, da akwatin wuta a gefe, ɗaure da sarƙa a jikin bishiyar. Shekara arba'in da bakwai, duk Asabar ɗin farko ta Yuli, dangi kan taru a gidan nan na bayan garin Lockhart su ci haƙarƙarin saniya daga cikinta. Bana babu Cleon. Kawu Dewitt ya ce zai zo daga Houston da tirela ya ɗauke ta. Kaka Velma kuwa ta yanke hukunci: in jikanta Royce ya fitar da naman da za ta iya ci, ganga tasa ce, in ya kasa, makullin sarƙar da ke rataye a wuyanta na Dewitt ne. Shi Royce malamin makaranta ne, shekararsa talatin da ɗaya, kuma bai taɓa gasa abin da ya fi yankan burodi ba.

Tun biyar da rabi ya hura gawayi, ya ɗora icen pekan, ya shafe naman da gishiri da masoro. Komai na tafiya daidai har sha ɗaya, sai allura ta kai ɗari da sittin da biyar ta kafe. Ana so ta wuce ɗari biyu. Yanzu sha biyu ta gota, dangi kuma ƙarfe huɗu za su iso.

"Kaka, ma'aunin nan ya mutu."

"Lafiyarsa ƙalau. Mai gashin ne ke neman mutuwa. Dubi gumi, kamar an kama ɓarawon kaji."

"Awa ɗaya cur bai motsa ba!"

"Kai ma awa nawa ka yi kafin ka yarda ka fito duniya? Kwana biyu uwarka tana fama. Da ka fito kuma, muka duba muka ce, wannan ne duk abin da aka jira?"

"An ce ke na ɗebo, shi ya sa nas ta yi kuka."

Ya miƙa hannu zai ɗaga murfi. Ƙwas! Sandar tsohuwa ta sauka a kan ƙarfen, saura ƙiris ta haɗa da yatsunsa. Ba ta janye ta ba, nan ta bar ta a kwance.

"Leƙawa kawai zan yi!"

"Sau nawa ka leƙa tun safe?"

"Uku."

"Bakwai. Ina taga ina kallonka. Duk leƙe ɗaya ka kori zafin rabin awa. Jariri ne a ciki da za ka duba ko yana numfashi?"

"To bari in ƙara gawayi."

"Ƙara mana. In naman ya ƙone ya zama fata, Dewitt na son baƙin takalmi, sai ka yanka masa ƙafa biyu."

Wayarsa ta yi ƙara. Kawu Dewitt ne, da muryarsa mai cika kunne. Ya ce sun baro Houston, tirela na biye, ya kuma tsaya ya sayi soyayyun kaji bokiti uku, don kada yara su wuni da yunwa. Royce ya ajiye waya. Ya dubi ƙofar kicin.

Ya rage murya. "Kaka, murhun lantarkin kicin fa? Awa biyu kacal. Ba wanda zai sani."

Tsohuwa ta daina kaɗa mafici. Ta dube shi daga sama har ƙasa, kamar ya ce zai sayar da kujerun coci.

"Royce. A gidan Cleon? Naman da ya sha hayaƙi awa bakwai za ka kai inda nake gasa biskit? Kafin ka kai ƙofar kicin na miƙa wa Dewitt makullin nan, in haɗa masa da kai kyauta."

"Ba zai karɓe ni ba."

"Shi ya sa na ce kyauta."

"To me zan yi? Ki faɗa mini, ranki ya daɗe!"

"Yau ni ce ranki ya daɗe? Ɗazu tsohuwa ce ni. Zauna."

"In zauna?"

"Gumi naman yake yi, kamar kai. Muddin yana gumi ba zai ƙara zafi ba. In ya gama, zai tashi da kansa. Mai haƙuri shi kan dafa dutse."

"Dutsen dai za mu ci, na gani."

"Ku masu haƙora ku ci. Ni romon zan sha."

Ya zauna a kan akwatin ƙanƙara. Ɗaya ta buga. Ɗaya da kwata. Allura na nan inda take. Sau biyu ya zabura, sau biyu sanda ta ƙwanƙwasa murfi. Abin da ta yarje masa kawai shi ne ya buɗe akwatin wuta ya jefa ice guda ɗaya, sannan ta sa bakin sandar ta ture marfin ƙofar iska kaɗan, ko dubawa ba ta yi ba. Hayaƙin da ke fita fari ya koma siriri, shuɗi-shuɗi.

Royce ya bi sandar da kallo. Gefenta ɗaya ya yi baƙi, ya ƙone, ba ƙunar yau ba. Sai ya tuno: duk shekara a nan take zama, a kujerar nan, wai tana shan iska, sanda a kan murfi. Kaka Cleon kuwa yana can bakin ƙofa yana ba baƙi labari.

"Kaka… ashe ke ce?"

"Ni ce wa?"

"Duk shekarun nan ke ce mai wutar. Shi riƙe wuƙa kawai yake yi!"

"Rufe mini baki, ja'iri. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Leƙe ne dai ya yi masa yawa. Ka ga inda ka gado."

"Sai na tona a gaban kowa."

"Tona. Ni ma ina da hotonka kana wanka a baho, matarka ba ta gani ba tukuna."

Biyu saura kaɗan, allura ta motsa. Ɗari da saba'in. Royce ya yi tsalle har hularsa ta faɗi.

"Ta tashi! Kaka, ta tashi!"

"To sai ka yi mata guɗa."

Uku da kwata ta janye sanda. Ta zaro tsinke daga aljihu ta ba shi. Ya ɗaga murfi. Naman ya yi baƙin ɓawo, ya ja baya daga ƙashi. Ya soka tsinke, ya shige kamar cikin man shanu. Ya rarumi wuƙa.

Ƙwas!

"Kuma me?"

"Naɗe shi a takarda ka bar shi ya huta. Shi ya yi aikin, ba kai ba."

Huɗu daidai motar Dewitt ta shigo, tirela na ƙara a baya. Dangi suka cika tsakar gida. Royce ya yanka ƙashi ɗaya ya ɗora a faranti ya kai wa tsohuwa. Dewitt ya harɗe hannu yana murmushi.

Kaka Velma ta shinshina. Ta juya farantin. Sannan ta sa yatsu biyu ta zare haƙoran robarta, na sama da na ƙasa, ta ajiye a gefen faranti.

"Kaka, ba mu yi haka da ke ba!"

"Cewa na yi naman da zan iya ci. Ni, ba haƙoran likita ba."

Ta gutsira da dasashi. Ta mamula, ta haɗiye. Ta sake gutsira. Murmushin Dewitt ya soma dusashewa. Sai da ƙashi ya fito fes ta goge baki.

"Gishiri ya yi yawa," in ji ta.

"Shi ya sa kika bar wa kare ƙashi kawai?"

Dariya ta ƙwace mata, baki wayam, har da hawaye. Ta cire igiyar makulli daga wuyanta ta jefa masa a ƙirji.

"Riƙe, ɗan nema. Dewitt, kai wa yara kajinka."

"Sandar fa, Kaka? Ai tare suke da ganga."

Ta ja ta ta rungume. "Sanda tana nan, ni ma ina nan. In na ba ka, baɗi wa zai buge maka hannu? Ƙaro mini ƙashi ɗaya, in sake tabbatar da gishirin."