Ranar da Baba Dogara Ya Ɗanɗana Kwalba

In dai ka taɓa cin kasuwar Laraba a ƙauyenmu, can bayan Kafanchan, to ka san Baba Dogara ko ba a nuna maka shi ba. Wani dogo ne siriri mai hular ma'aikatan jirgin ƙasa, alhali ko fasinja bai taɓa zama ba. Sana'arsa noma, amma abin da ya yi suna a kai shi ne ɗanɗano.

A bayan kasuwar, ƙarƙashin itatuwan mangwaro, mata bakwai ke jera tukwanensu na burukutu. Al'adar wurin tun kaka da kakanni, kafin ka saya sai an zuba maka a ɗan ƙoƙo ka ɗanɗana, kyauta. In ta yi maka, ka ce a cika ƙwarya, ka miƙa ɗari biyu, ka nemi benci. In ba ta yi maka ba ka yi gaba, ba mai riƙe maka riga.

To, a kan wannan al'ada Dogara ya kafa gwamnatinsa. Zai fara da tukunyar farko, ya kwankwaɗe ƙoƙon tas, ya lumshe ido, ya taɓe baki ya ce, "Kayya, dawar nan ba ta tsira da kyau ba. Bari in zaga in dawo." Ta biyu ya ce an cika mata ruwa. Ta uku ta yi tsami. Ta huɗu kuma ba ta yi tsami ba. Kafin ya kai ta bakwai ido ya kaɗa ya yi ja, ya kama hanyar gida yana rera waƙar coci da murya biyu. Shekara goma sha biyu mutumin nan yana zagawa, wallahi bai taɓa dawowa ba. Har alfahari yake yi a majalisa, wai shi giya ba ta taɓa cin ko sisinsa ba.

Ran nan Laraba, matarsa Rifkatu ta ƙirgo naira dubu takwas ta danƙa masa. Kajinta ta sayar, don masararsu ta fara yin rawaya, taki take nema ruwa a jallo.

"Ka ga wannan?" ta ce. "Na taki ne. In ka shigo gidan nan ba taki, ka wuce ɗakin awaki kai tsaye, na share maka wuri."

Rifkatu kuwa ba ta iya wasa ba, duk ƙauyen an sheda. Dogara ya cusa kuɗin a aljihun ciki, ya maƙale bakin aljihun da fil, ya ce haba, sai ka ce yaro. Ai shi ba ya kashe kuɗi a kasuwa.

Ya isa ƙarƙashin mangwaro da hantsi, ya tsaya gaban Mama Kande, shugabar masu tukwanen, ya gyara murya. Ashe matan sun gama shawara tun makon jiya. Mama Kande ta yi masa maraba har da rusunawa, ta laluba cikin zaninta ta zaro cokalin shayi. Ta ɗebo a tukunya a hankali kamar mai auna maganin tari, ta miƙa masa.

"Mene ne wannan, Kande?"

"Ɗanɗano, Baba. Harshe ke ɗanɗano ai, ba ciki ba."

Ya dubi tukunya ta biyu, mai ita ta ɗaga nata cokalin. Ta uku ma haka. Cokula bakwai reras suna ƙyalli a rana! 'Yan benci suka fashe da dariya, wani har da ƙwarewa. Ran Dogara ya ɓaci ba kaɗan ba. Shi? Shi da ya san tukwanen nan tun suna sababbi?

"To, ku riƙe kununku," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Daman ni na gaji da shan ƙasari. Yau wurin wayayyu za ni."

Ya tsallaka titi yana taku ɗai-ɗai. A can ne Hanatu, 'yar Mama Kande da ta dawo daga Jos, ta buɗe sabon shagon giyar kwalba: shuɗin fenti, kujerun roba, firji yana ta gurnani. Dogara bai taɓa shiga irin wurin ba, amma ya ce a ransa giya ai giya ce, kuma yarinyar da aka yi sunanta a gabansa ba za ta yi masa rashin kunyar cokali ba. Ya zaɓi kujerar bakin ƙofa, inda masu tukwane za su hango shi da kyau, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Sannu da zuwa, Baba. Me za a kawo?"

"Me kike da shi mai kyau? Kawo in ɗanɗana."

Ta kawo wata koriyar kwalba mai raɓa, ta riƙe mabuɗi. "A buɗe, Baba?"

"Ji wata tambaya! In ba ki buɗe ba ta ina zan ɗanɗana, ta gindi?"

Fus! Ta buɗe. Dogara ya ga ba ƙoƙo, ba cokali, kwalba guda cur aka ajiye masa. Ya ce a ransa, Allah sarki, ka ga 'yar mutunci, ba halin uwarta ta ɗauko ba. Ya kafa kai sai da ya raba ta biyu, ya yi gyatsa, ya lumshe ido, ya taɓe baki.

"Kayya, iska ta yi mata yawa. Ba wata?"

"Akwai baƙa. A buɗe?"

"Buɗe."

Baƙar ya ce ta cika ɗaci kamar maganin shawara. Ta uku ya ce an cika mata ruwa, masu kamfanin ba sa tsoron Allah. Ta huɗu sanyinta ya kashe mata daɗi. Duk wadda aka kawo sai Hanatu ta tambaya cikin ladabi, "A buɗe?" shi kuma ya kaɗa hannu kamar hakimi. Yana sha yana ɗaga kwalbar sama, yana karkata ta wajen mangwaro don Kande ta gani ta ji haushi. Kande kuwa ta gani sarai. Ta ma bar tukunyarta ta jawo kujera bakin titi ta zauna, sauran matan suka biyo ta.

Da ya gama da ta biyar, ya miƙe yana ɗan tangaɗi, ya gyara hularsa.

"To, Hanatu, ba laifi, kin yi ƙoƙari. Bari in zaga in dawo."

"Allah ya dawo da kai lafiya, Baba. Dubu bakwai da ɗari biyar ne."

"Me?"

"Kwalba biyar, dubu ɗaya da ɗari biyar-biyar."

Nan take giyar ta sake shi. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula. Ya dafa aljihun ciki, ya ji fil ɗin na nan, ya hango masara, ya hango Rifkatu, ya hango ɗakin awaki.

"Ke, ƙwarya talatin da bakwai da rabi ke nan fa! Ni ɗanɗano na yi! Ga su nan, kowacce da saura. Mayar da su firji."

"Wa zai sayi sauran bakinka, Baba? Sau biyar ina tambayarka a buɗe."

"Hanatu, 'yata, dubi girman Allah. Kuɗin taki ne. Kin san Rifkatu."

"Na san ta, Baba. Ni ma masu kamfani sun san ni."

Ya waiga ko zai ga mai ceto. Kasuwa rabi ta taru a bakin titi, Mama Kande na gaba tana fifita da cokalinta. Ya cire fil, ya ƙirga kuɗin kajin Rifkatu ɗaya bayan ɗaya, aka bar shi da ɗari biyar ƙwal. Idonsa ya cika da ƙwalla don takaici. Ya buga tebur har kwalaben suka yi ƙara.

"Wannan zalunci ne! Shekara goma sha biyu ina ɗanɗano a kasuwar nan, ba a taɓa karɓar ko sisina ba. Wace irin giya ce wannan da ba ta san al'ada ba?"

Hanatu ta sunkuya ta tsinci marfi ɗaya a ƙasa, ta hure masa ƙura, ta buɗe tafin hannunsa ta ɗora masa.

"Ka ga ɗan marfin nan, Baba? Saboda kai aka yi shi."