Ranar da Na Ɓuya Cikin Abayoyi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko haƙorana sun zube, da ranar da na tsuguna a cikin abayoyi a gaban surukina.

Lokacin ina neman auren Zainab. Mahaifinta, Baba Isa, tsohon tela ne a unguwar Mahjar da ke Jidda, kuma sharaɗinsa ɗaya ne tak: ba zai ba da 'yarsa ga wanda za a iya kamawa gobe a mayar gida ba. Ni kuwa da umara na fara shigowa Jidda, na daɗe ina zaman ɓoye. Daga baya na koma gida, na dawo da bizar aiki, na samu iƙama, wato katin izinin zama, na zama direban kafilina, ubangidan da ya tsaya min. Na rantse wa Baba takarduna sun cika. Ya ce to, amma da gani bai gama yarda ba.

Ran nan kafilina ya ba ni aron motarsa mai aiki da lantarki in kai Zainab da Baba sayayyar kayan aure. Na sha shadda (turaren ma na aro ne), na faka a filin motocin wata babbar kasuwa, na jona caji ina ɗaga kafaɗa kamar ni na ƙera ta. Abin da ban sani ba shi ne, in batir ya cika ka bar motar a wurin ta tare wa wasu, tara ake cin ka.

Muna shagon abayoyi, Zainab na ta zaɓe, sai ga mai gadin filin motocin, wanda ya ga fakawata, cikin kaki ya nufo ni kai tsaye. Ya nuna ni da yatsa ya ce, "Khallasat al-mudda! Alek mukhalafa!" Wato wa'adi ya ƙare, ka karya doka.

Jama'a, waɗannan kalmomin ne na yi shekaru ina jin su a mafarki. Ƙafafuna ba su nemi shawarata ba. Na faɗa cikin jerin abayoyin da aka rataye, na tsuguna, na ja wata mai duwatsu na rufe kaina (takalmana kuwa suna waje, kowa na gani).

Ina jin Baba da mai gadin suna ta Larabci. Can aka yaye abayar. Fuskar Baba ba wasa.

"Ya waladi, fito. Mota ce ta wuce wa'adi. Ina iƙamar taka?"

Na miƙa masa ita, na san aure ya tafi. Ya duba gaba, ya duba baya, ya sake duba fuskata. Sai ya fashe da dariya har ya nemi kujera.

"Wallahi a unguwar Karantina na taɓa wuni cikin tankin ruwa saboda mai karanta mitar wuta, na ɗauka ɗan sanda ne," in ji shi. "Amma ni lokacin ba ni da takarda. Kai taka tana aljihu! Yalla, je ka janye motar, wani bawan Allah yana jira."

Kunya ta kusa kashe ni, amma tun ranar nake ƙaunar tsohon nan har cikin raina.

An ɗaura aure. Abayar mai duwatsu ita Zainab ta saya, kuma har yau in na ɗaga murya a gida, sai ta buɗe wadrob ta nuna min ita ta ce, "Bismillah, yallaɓai."

Abin da na koya shi ne, takarda takan shiga aljihu ƙafa ba ta samu labari ba. Har yanzu ina gudu in waya ta ce batir ya cika, sai dai wajen motar nake nufa.