Rasuwar Ɗan Sanda, Mazaunin Cikin Silinda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu cike da baƙin mai, nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar Ɗan Sanda, wanda ya cika ranar Talata da hantsi a bakin aikinsa, cikin silindar babban injinmu na lanƙwasa ƙarfe.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, wata 'yar siririyar sanda ce da masu gyara ke kira sansa. Aikinsa shi ne ya kwanta cikin silinda yana auna inda fistan, wato ƙarfen da ke saukowa ya danne, ya kai, ya gaya wa injin ya ci gaba da sauka ko ya tsaya. Siffarsa ce ta jawo masa sunan, halinsa kuma ya tabbatar masa da shi, don bai taɓa ganin laifi ya kau da kai ba.

Ni da nake tuƙa injin na zauna da shi shekaru, ina kuma shaidar cewa bai san babba ba, bai san yaro ba. Ko manaja ne ya tsaya a kaina yana cewa a ƙara sauri, marigayi zai ce “tit, tit”, ya kunna jar fitila, kowa ya koma ya zauna. Bai taɓa neman hutu ba, bai taɓa zuwa a makare ba, tunda bai taɓa fita ba.

Ba zan manta ranar da surukina mai walda ya zura hannu zai daidaita farantin ƙarfe ba. Ashe bawul ɗin da ke tare mai ya saki, fistan ya fara sulalowa a hankali, yadda ido ba ya gani. Marigayi ya ji. Ya ƙwala “tiiiit!”, injin ya ƙame. Har yau surukina da yatsu biyar yake cin abinci, kuma duk inda ya zauna yana ba da labarin zafin namansa, wai shi ya yi saurin zare hannu.

Ciwon ajali ya faro ne daga wata roba da ta tsage, mai ya dinga tsattsafowa kan marigayi, daidai inda wayoyinsa suke. Na kai kuka ofis. Manaja ya leƙo, ya ce majiyyacin da sauran ƙarfinsa, a bari a gama kwangilar ƙofofi tukuna. Mai gyaran wuta ya naɗe shi da salatif, ya ɗan buge shi da sifana, wai ya farfaɗo. Daga nan ruɗewa ta kama shi. Fistan yana ƙasa ya ce yana sama, yana sama ya ce bai san inda yake ba. Wanda bai taɓa ƙarya ba sai ga shi yana sambatu a gaban jama'a. Ran ƙarshe muka lanƙwasa ƙofofi masu yawa, babu wadda za ta shiga gidan mai hankali. Marigayi ya ce “ti…”, bai ƙarasa ba.

Ya bar uwargidansa silinda, wadda ta fara zubar da hawaye tun yana raye, da famfo, da bawul ɗin da ba a hukunta ba, da marayun wayoyi suna reto. Ya kuma bar manaja, wanda ya kafa kwamitin gano wanda ya yi sakaci, shi ne kuma shugaba.

Za a wanke gawar da fetur gobe bayan tashin aiki, a naɗe ta da tsumma mai tsabta idan an samu, a raka ta kwandon tarkace da ke bayan sito. Magajinsa yana hanya, an ce jirgi bai taso ba. Za a karɓi gaisuwa a bakin ƙofar masana'anta. Muna roƙon masu ta'aziyya kada su matso kusa da injin, don manaja ya ce aiki ba zai tsaya ba, kuma yanzu babu mai gaya masa inda zai tsaya.