Gaisuwar da Na Kai wa Honarabul a Bur Dubai

Ba zan taɓa mantawa da yammacin nan ba, ko da kuwa na so, domin waɗanda suka ga abin da idonsu suna nan da ransu, kuma babu mai riƙe baki a cikinsu.

Bari in fara gaya muku sana'ata. Ni likitan ƙashin baya ne, irin masu gyara da hannu, ba allura ba wuƙa. Turawa na ce mana kairofirakta. Na yi shekaru a waje ina karanta jijiyoyi da gaɓoɓi, na samu aiki a wani asibiti a Al Nahda, amma har gobe in aka tambayi Hajiyarmu me ɗanta yake yi a Dubai, cewa take, "Tausa yake wa Larabawa." (Kawuna ya fi ta mutunta ni, shi cewa yake ɗori nake yi.)

A Dubai ba ka isa ka taɓa bayan mutum ba sai da lasisi. A jiharmu kuwa babu dokar da ta san da zamanmu. Wanda ya yi karatun ba shi da gurbi a asibitin gwamnati, wanda bai yi ba kuma babu mai hana shi kama shago ya rataya hoton ƙwarangwal ya fara aiki. Akwai maƙwabcinmu a gida, Malam Ilu direban tirela, da ya kai ciwon wuya wajen wani irin wannan. Mutumin ya murɗe masa kai kamar mai buɗe kwalba. Tun ranar hannun Malam Ilu na hagu bai ƙara riƙe sitiyari ba.

Shi ya sa mu 'yan tsirarun da muka yi karatun, wasu a gida wasu a warwatse a duniya, muka haɗa ƙungiya, muka sa lauya ya tsara mana ƙuduri: a kafa hukumar da za ta tantance mu, ta yi mana rajista, ta kori 'yan damfara. Abin da ya rage shi ne ɗan majalisar da zai ɗauka ya shiga da shi zauren majalisar jiha. Shugabanmu ya yi ta sintiri ofishin shugaban kwamitin lafiya har masu gadi suka fara yi masa sannu da zuwa aiki, amma bai samu ganinsa ba.

Ana haka, a shekarar da ta gabaci korona, sai Allah ya kawo min Alhaji Sabi'u. Ɗan kasuwa ne, mai harkar kago, rabin rayuwarsa a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali yake yi wajen loda kwantena, kuma ni nake duba masa ƙugu. Yana kwance rubda-ciki a kan gadon aikina ina ba shi labarin wahalarmu, sai ya ɗago kai.

"Dakta, wai shugaban kwamitin lafiya kuke nema? Ai Honarabul yana garin nan! Ni nake tura masa kaya. Khalas, magana ta ƙare, ranar Asabar bayan la'asar ka shirya, zan kai ka har ɗakinsa."

Na sanar da 'yan ƙungiya, waya ta kusa kamawa da wuta. Kowa da shawararsa. Wannan ya ce in sa kwat, wancan ya ce babbar riga. Shugabanmu ya kira ni da muryar da ake yin wasiyya ya ce, "Duk wahalarmu tana hannunka. Kada ka ba mu kunya." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Na yi ta bitar jawabi a gaban madubi, har matata ta haddace shi tana gyara min in na tsallake layi.

To ga inda wauta ta shigo. A makon muka canza gida, kuma ni da bakina na ce wa masu ɗaukar kaya su bar injin wanki, ni zan gyara masa zama. Na sunkuya, ƙafafu a miƙe, baya a lanƙwashe, na ɗaga. Wato daidai abin da nake yi wa marasa lafiya faɗa a kai kullum safiya. Na ji wani ɗan abu ya ce ƙis a ƙuguna. Washegari a wurin aiki abokin aikina Dakta Haisam, Basudane mai yawan dariya, ya kalli tafiyata ya ce, "Habibi, hau gado in duba ka." Na ce masa ni fa likita ne, na san jikina. (Wanzami dai ba ya son jarfa.)

Ranar Asabar Haisam ɗin ne ya rage min hanya zuwa Bur Dubai, ya ce zai jira ni a ƙasan otal ɗin da Honarabul ya sauka ya sha shayi. Na fito cikin shadda fara sol wadda ta sha guga, hula a karye, ƙuduri a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma jaka mai ɗauke da ƙashin bayan roba da nake yi wa marasa lafiya bayani da shi. Alhaji Sabi'u ya tarye ni a ƙofar otal, a cikin lifta ya kalle ni sama da ƙasa.

"Dakta, bokon nan ka ajiye shi a bakin ƙofa. Mutumin nan sa'an babanka ne. Kada ka je kana miƙa masa hannu kamar Bature. Ka durƙusa ka gaishe shi irin na gida."

Na ce, "Alhaji, ai ni ma ɗan gida ne."

Muka yi sallama. Falo ne babba, Honarabul na zaune a ƙasa kan kafet ya jingina da matashi, dattijo mai farin gemu da fara'a, mutanensa kewaye da shi ana shan shayi da dabino. Na cire takalmi, na tako a natse, na tattare babbar riga, na zube a gabansa da irin ladabin da ko Hajiyarmu ba ta taɓa gani a wurina ba.

Ƙas!

Ban sani ba ko sun ji, ni dai har cikin haƙorana na ji shi. Wani abu kamar ƙusa mai zafi ya soke ni a ƙugu ya tsaya. Gwiwa ɗaya a ƙasa, tafin hannu ɗaya a kan kafet, kai a sunkuye. A haka na daskare.

"Barka da yamma, ranka ya daɗe," na ce da wata murya da ban san ina da ita ba.

"Yawwa, yawwa, sannu Dakta. Ya aiki, ya iyali? Madalla. Tashi ka zauna, ga kujera nan."

Na gwada. Ko motsin kirki ban yi ba, idona ya kawo ruwa.

"Ranka ya daɗe... nan ma ya isa."

"A'a, haba, tashi mana."

"Ba zan iya ba, ranka ya daɗe."

Ni gaskiya na faɗa tsakanina da Allah. Amma Alhaji Sabi'u, wanda bai taɓa ganin ciniki ya wuce shi ba, sai ya tafa hannu.

"Ka gani ko, Honarabul? Na gaya maka yaran nan da gaske suke. Ba zai tashi ba sai ka saurare shi!"

Honarabul ya ajiye kofin shayi ya gyara zama. "Ikon Allah. To Dakta, ina jin ka."

Nan fa ya kamata in ce, jama'a ku taimake ni. Amma ka yi tunani: mutumin da shugabanmu ya ƙare takalmi bai gani ba, ga shi ya ba ni kunnuwansa biyu. Kuma ta yaya likitan baya zai buɗe jawabin neman doka da cewa bayansa ya riƙe? Sai na cije, na fara.

Duk jawabin gaban madubi ya gudu. Turancin da na tanada ko ɗaya bai zo ba. Abin da ya rage a kaina Malam Ilu ne kawai, shi na ba da labari: yadda yake da 'ya'ya a makaranta, yadda yanzu yake zama a bakin tasha yana kallon wasu suna tuƙa motarsa, yadda mutumin da ya nakasa shi har yau shagonsa a buɗe yake. Ina magana ina nishi. Gumi na ɗiga daga haɓata duk da sanyin na'ura. Hawaye kuwa sai zuba suke, rabi na Malam Ilu, rabi (in faɗi gaskiya, fiye da rabi) na ƙuguna.

Na so in jawo jaka in nuna musu inda jijiyar da aka lalata wa Malam Ilu take, hannu ya ƙi kaiwa, jakar ta kife. Ƙashin bayan roba ya silalo kan kafet ya tsaya dab da farantin dabino. Wani daga cikin mutanen Honarabul ya janye ƙafa da sauri.

"A'uzu billahi! Wannan na waye?"

"Roba ce," na ce, ina kallon ƙasa.

Da ƙyar na kai ƙarshe. Honarabul ya share ido da bakin rigarsa.

"Dakta, na daɗe a siyasa. An zo min da kuka iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda ciwon jama'a ya kama shi a jiki haka ba. Kawo takardar." Alhaji Sabi'u ya zare ta daga hannuna ya miƙa masa. "Na karɓa. Ni da kaina zan gabatar da shi in mun koma. Ka ji alkawari a gaban shaidu. To yanzu tashi."

Ban motsa ba.

"Dakta, na ce na amince."

"Na gode, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara girma."

"To tashi mana! Ko akwai wata buƙatar?"

Alhaji Sabi'u ya sunkuyo kunnena. "Kai, ya isa haka, kada ka ɓata rawarka da tsalle. Yalla, miƙe."

Babu sauran wurin ɓuya. Na runtse ido na ce, "Ranka ya daɗe, bayana ne ya riƙe. Tun gaisuwar farko."

Kowa ya zuba min ido. Sai mutumin nan mai tsoron roba ya yi tambayar da har yau take zuwar min a mafarki, kuma wallahi ba da mugunta ya yi ta ba, neman sani yake:

"Wai ba shi ne likitan bayan ba?"

Honarabul ne ya fara dariya. Ya so ya danne, kafaɗunsa suka tona shi, sai ya kife kan matashi yana dukan kafet. Hularsa ta faɗi. Alhaji Sabi'u ya zame jikin bango yana "Innalillahi, Dakta, ka kashe ni!" Ni kuwa ina nan a durƙushe a tsakiya kamar raƙumin da aka manta da shi a kasuwa, ko juyawa in ɓoye fuska ba na iyawa. Na roƙi Allah ƙasa ta tsage, sai na tuna a hawa na sama muke.

Da ƙyar na samu aka kira Haisam. Ya shigo da kofin shayinsa a hannu, ya dube ni, ya dubi ƙashin roba, bai tambayi komai ba. Ya ce kawai, "Habibi, kai fa likita ne, ka san jikinka." Sannan ya nannaɗe hannun riga.

Abin da ya biyo baya, ko ni da ake yi a jikina sai da ya burge ni. Bai yi gaggawa ba. Ya tambaye ni ko ƙafa ta yi sanyi, ya sa na motsa yatsu, ya bi ƙashin da yatsunsa har ya sami wurin. Ya kwantar da ni a gefe a hankali yana "shwaiya, shwaiya", ya sassauta naman da ya ɗaure, ya lanƙwasa min gwiwa, ya ce in saki numfashi. Ɗan dannawa kaɗan, sai ga ƙara, ƙwas. Na ji kamar an zare ƙusar. Ya kama ni na miƙe, a karkace dai, shadda duk ta yamutse, amma a kan ƙafafuna. Ɗakin ya ɗauki kabbara kamar an ga jariri ya fara tafiya.

Honarabul ya daina dariya. Ya ce, "Tsaya. Tambayoyin nan da ya yi maka kafin ya taɓa ka, na mene ne?"

Na ce, "Don ya tabbatar ba irin ciwon da hannu zai ƙara ɓatawa ba ne. Da ya ga wata alama, asibiti zai kai ni a ɗau hoto."

"Shi wancan na Malam Ilu bai tambaya ba."

"Bai san akwai abin tambaya ba, ranka ya daɗe."

Ya jinjina kai ya daɗe. Sannan ya dubi Haisam ya dafa ƙugunsa ya ce, ta bakin Alhaji Sabi'u mai fassara, shi ma fa zaman majalisa ya gama da shi, ko akwai wuri gobe? (Ku lura, ni ban samu wannan tayin ba.)

Dattijon nan ya cika alkawari. Korona ta zo ta tsayar da komai, amma da aka buɗe ya gabatar da ƙudurin, ya tsallake karatu na biyu, aka kira zaman jin ra'ayin jama'a, kuma ya nace sai na zo. Na je. Malam Ilu ma ya zo, ya yi magana da bakinsa, ya fi mu duka. Da aka zo kaina, Honarabul ya karɓi abin magana ya ce wa cikakken zaure, "Ga Dakta daga Dubai. Ku taimake ni kada kowa ya bari ya gaishe ni." Ya kwashe labarin kaf ya ba su, har da ƙarin gishiri. Ban taɓa ganin 'yan adawa da masu rinjaye sun haɗu a kan abu ɗaya kamar yadda suka haɗu a kan yi min dariya ba. Da yamma shugabanmu ya rungume ni yana murna, ya ce a hankali, "Ka yi ƙoƙari, amma don Allah in za mu je wajen gwamna, kai ka tsaya a mota."

Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi da tsawonka za ka tashi. Ban musa ba. Sai dai duk wanda ya yi karin maganar nan lafiyayyen ƙugu gare shi. Ni abin da na koya shi ne, kafin ka zube a gaban babban mutum, ka tabbatar wanda zai ɗaga ka yana kusa, kuma wayarsa a kunne take.