Kocin da Ya Kaɗo Dabino

Ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na naɗa kaina kocin besbol (wasan nan na jifan ƙwallo a doke shi da sanda) a Dubai. Ɗana Sadik, mai shekara goma, yana buga wasan a wani fili kusa da Al Warsan, sai kocinsu ya yi tafiya. Da aka tambayi iyaye wa zai koya wa yara jifa, kawai na ga hannuna a sama. (Hujjata ɗaya ce: ina yaro a Bichi, babu mangwaron da ya taɓa tsira daga dutsena.)

A mota Sadik ya ce, "Abba, don Allah ka bari. Abokaina suna ganin girmanka."

Na ce, "Khalas, zance ya ƙare! Tun ba a haife ka ba nake jifa."

Kwana uku na yi ina kallon bidiyon koyar da jifa a sitonmu na Ras Al Khor har na haddace. Ranar da aka koma fili na tara yara ina ta zuba: a tsaya a kaikaice, gwiwar hannu daidai kafaɗa, a taka da ƙafar gaba, a juya ƙugu, ƙwallo ya tafi a miƙe zuwa safar hannun mai cafewa. Har na gwasale wani ɗan Indiya, na ce jifan tsofaffi yake yi. Iyaye na gyaɗa kai, nawa kan kuwa sai kumbura yake.

Sai uwar yaron nan ta ce, "Yalla, koci, nuna musu."

Na ɗaga ƙafa, na juya ƙugu, na saki. Ashe baki ne ya haddace bidiyo, hannu Bichi kawai ya sani. Ƙwallo ya yi sama, ya tsallake mai cafewa, ya tsallake shinge, ya shige bishiyar dabinon da ke bayan fili. Busassun dabino uku suka faɗo, ƙwallon kuwa yana can har yau. Kafaɗata ta ce ƙas (ni da na gama wa'azin a motsa jiki kafin jifa), na dafe ta ina yaƙe.

Yara suka ruga tsintar dabino suna shewa. Na waiga neman Sadik, na hango shi ya ja hula ya rufe fuska. Wallahi wannan ya fi kafaɗar ciwo.

A hanyar gida ya ce, "Abba, in sun tambaya zan ce kai kawuna ne."

Tun daga ranar, ko a taron makaranta aka ce wa ya iya, zama nake yi a kan hannuna.